Man habbatus sauda na wani shago a Sabon Gari: yadda ya yi min da atishawar hunturu

Masu fama da atishawar safe da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido da zarar hazo ya sauka a Zariya, ku nake yi wa wannan rubutun. Akwai wani ɗan shagon magungunan Musulunci a Sabon Gari da nake sayen man habbatus sauda, kuma gaskiya a wannan hunturun na ga amfaninsa, amma ba duk abin da ke kan kantar shagon zan ce ku saya ba.

Man dai mai kyau ne. A baƙar kwalba yake zuwa ba a farar roba ba, kuma wannan ba ado ba ne, sinadarin da ke aiki a cikinsa wato timokwinon haske na lalata shi, shi ya sa waɗanda ake shanyawa a rana a bakin tasha nake wuce su ko da rabin kuɗi ne. Kana buɗe murfin warinsa zai daki hancinka, in ka lasa kuma yana da ɗaci da yaji-yaji mai kartar maƙogwaro, ba irin wanda aka tsinka da man gyaɗa ba da za ka ji shi salam. Ƙaramin cokali nake sha da safe da zuma, in babu komai a cikina yana sa ni gyatsa mai warin man har azahar, don haka sai na karya tukuna.

Ba sha yanzu magani yanzu ba ne fa. Sai da aka kwana biyu na lura jerin atishawar nan ta bayan sallar asuba ta ragu, majinar ma ta daina zuba kamar da, kuma ba ya kashe min jiki da barci irin na Piriton. Ranar da ƙura ta yi yawa kam har yanzu sai na haɗa da ƙwayar loratadin daga kemis da takunkumi. Abin da ke faruwa a jiki shi ne in ƙura ta shiga hancin mai alaji sai jiki ya saki histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, to bincike ya nuna timokwinon na rage wannan kumburin. An ma gwada man a Iran a 2011 kan mutum 66 masu alajin hanci aka ga sauƙi, sai dai ƙaramin gwaji ne, ya dace da abin da na gani amma bai kai a ce a jefar da maganin asibiti ba.

Abin da ya sa nake komawa shagon shi ne mai shagon. A gabana wata mata ta zo neman man don yaronta mai asma, ya ce mata, "Hajiya zan ba ki, amma don Allah kar ki ajiye masa inhela, in numfashi ya sarƙe asibitin Shika za ki kai shi ba nan ba." Wallahi na ji daɗin maganar nan. Ya kawo hadisin habbatus sauda da ke cikin Bukhari, kuma bai sa ya yi wa baiwar Allah alƙawarin da zai jefa ɗanta a hatsari ba. Yana kuma tambayar ko mutum na shan maganin suga ko hawan jini tunda man na iya ƙara sauke su, masu juna biyu ma yakan ce su fara jin ta bakin likita.

Inda ban yarda ba shi ne ƙulle-ƙullen garin maganin sanyi da ciwon gaɓɓai da ke cikin leda, ba suna ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa. Ya ce citta ce da kurkum da sassaƙen hano, kuma dukkansu an san suna rage kumburi, amma shi ma sarowa yake, bai ga haɗawar ba. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen da deksametason a ciki, wanda ’yan mata ke sha don ƙiba, ciwo zai lafa nan take kai kana murna ashe fuska na kumbura suga na hawa ƙashi na lalacewa. Ko lambar NAFDAC ɗin ma a maganin gargajiya yawanci shaida ce cewa ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkar da duk abin da aka jera a takardar ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) nan a Samaru da tsangayar haɗa magunguna da sashe guda na nazarin tsirrai, ina ma masu haɗa garin nan za su riƙa kai kayansu a duba.

Masu son shafa man a kan borin jini ko ƙuraje, ku fara ɗiga kaɗan a cikin hannu ku bari ya kwana, akwai fatar da shi kansa man ke tayar wa da ƙaiƙayi. Farashinsa ya ɗara na kasuwa kaɗan, ƙaramar kwalba kuma tana jimawa.