NotebookLM ko manhajar juya rubutu? Ga wadda zan ce ki ɗauka

Ƙanwata, barka da shiga jami'a, Allah ya sa ke ce mabuɗin gidanku. Tsakanin biyun da kika ambata, wato NotebookLM, manhajar Google mai taya mutum nazarin takardunsa, da manhajar kuɗin nan mai juya rubutun da na'ura ta yi don kada malami ya gane, ki ɗauki NotebookLM. Kuɗinki kuma ki bar su a MoMo, asusunki na waya, za su yi miki amfani wajen sayen data.

Ni ma a gidanmu a Aboabo, nan Ghana, babu wanda ya riga ni taka jami'a. Inna wake da shinkafa take sayarwa, Baba tela ne. In karatu ya cije, addu'a ce kawai suke da ita, kuma sun ba ni ita ba ƙyashi. A shekarata ta ƙarshe darasin hauhawar farashi ya tsaya mini a wuya. Sai na loda takardun malaminmu da babi biyu na littafi a NotebookLM. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne daga takardun da ka ba ta take ɗebo amsa, kuma tana saka 'yar lamba a gefen magana, kana dannawa ta kai ka wurin da ta ɗauko. Ko kana ƙyuya sai ka koma ka karanta da idonka. Ta kyauta tana ɗaukar takardu har 50 a kundi ɗaya, ni ko rabi ban taɓa cikewa ba. Tana kuma mayar da su hira ta murya biyu, sai in sa abin kunne da asuba ina taya Inna hura wuta. Wata rana ta tambaye ni me nake saurare haka. Na ɗauki olonka na wake, wato gwangwanin awo, na yi mata bayani da Hausa yadda aka yi hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamban 2022, da dalilin da ya sa ribarta ke narkewa alhali layin masu saye bai ragu ba. Ta yi shiru, can ta ce ashe abin da take gani a kasuwa yana da suna a littafi. Da na zauna rubuta aikin, ban nemi kowa ya ara mini jimla ba. NotebookLM takan yi kuskure dai, shi ya sa nake danna lambar kullum.

Mai juya rubutun kuwa na biya mata wata guda, ta gyara mini waƙafi da aya, iyakar alherinta ke nan. Ta cika mini shafi da Turancin da ko a mafarki ban taɓa yi ba, malami ya ce in bayyana sakin layi na biyu, na tsaya ina kallon ƙasa. Laifina ne, har yau abin yana mini ciwo.

Duk abin da za ki yi amfani da shi, ki fara duba takardar tsarin kwas, in ba a ce komai ba ki tambayi malamin gaba da gaba. Wani ya yarda a nemi bayani, wani sai kin rubuta a ƙarshen aiki cewa kin yi amfani da ita, wani ya hana ƙwata-ƙwata. Kada kuma ki kwafi sunan littafi daga ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi, ba ki ga littafin ba. A 2023 kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda shari'o'in da ya ƙirƙiro musu suka miƙa.

Ki riƙa rubutu a Google Docs saboda yana ajiye tarihin kowane gyara. Na'urorin gano rubutun AI, wato wanda na'ura ta rubuta, suna zaluntar irinmu: wani bincike na jami'ar Stanford a 2023 ya nuna sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin na na'ura. In an tuhume ki, tarihin nan ne shaidarki.

Ba ki tambaya ba, amma ki kiyayi masu tallan "akawun na musamman" na irin waɗannan manhajojin a WhatsApp. Akawun ɗaya suke raba wa jama'a, kowa yana karanta abin da kika rubuta, bayan 'yan kwanaki a canza lambar sirri, wayar mai sayarwa kuma a kashe. Sun fi su sharri masu cewa ki turo aikinki su duba miki a Turnitin, manhajar da malamai ke gano kwafe da ita, kafin ki miƙa. In suka loda shi ya zauna a rumbun Turnitin, ranar da malami ya duba sai ya fito kamar kin kwafa, alhali guminki ne. Wasu ma sayar da shi suke yi wa 'yan ajin da ke bayanki.

Ki buɗe NotebookLM da Gmail ɗinki yau, ki loda takardun kwas ɗin da ya fi ba ki wuya. In wani abu ya ƙi, ki yi mini magana bayan isha'i.