Javelin: ƙarfinsa a ido yake, rauninsa ma a nan

Abin da ya raba Javelin, makami mai linzami da ake harbin tanka da shi daga kafaɗa, da Dragon, wanda ya gada a rundunar sojin Amurka a 1996, shi ne waya: ta igiyar waya ake sarrafa makamin Dragon bayan an harba shi. Mai harba Dragon dole ya zauna yana bin tanka da saiti har makamin ya isa, ita kuma tana laluben inda hayaƙi ya tashi. Javelin yana da idonsa mai ganin zafi. Ka kulle masa tanka, ka harba, ka bar wurin. Texas Instruments da Martin Marietta ne suka samu kwangilarsa a 1989, yanzu Raytheon da Lockheed Martin ke ƙera shi.

A kafaɗa ba wasa ba ne. Bututu da makamin cikinsa kilo 16 ne kusan, na'urar saiti ta ƙara kilo 6 da ɗoriya. Ita na'urar ce na fi yaba wa, domin ko ba makami ana cire ta a yi gadin dare da ita.

Harbinsa mataki biyu ne. Ƙaramin inji ya tofar da shi daga bututu, sai ya yi nisa da mai harbi babban injin ya kama, shi ya sa ana iya harbawa daga cikin gini. Idan an zaɓi hari ta sama, yakan hau kusan mita 150 ya sauko kan rufin tanka inda ƙarfe ya fi siriri. Bam biyu ne a kansa: na gaba ya tarwatsa sulken da ke fashewa, na baya ya huda jiki. Tankar da ta fake ƙarƙashin gada kuwa sai a koma hari kai tsaye, in ba haka ba gadar zai ci. Zangon samfuran farko mita 2,000 zuwa 2,500 ne.

Inda sabon hannu ke kwafsawa shi ne sanyaya idon makamin. Akwai ɗan kwanson batir da iskar argon a jikin bututu. Daƙiƙa 10 ya sanyaya idon, amma minti 4 kawai yake aiki, kuma ba a kashe shi a sake kunnawa. Wanda ya yi gaggawar kunnawa tanka ba ta fito fili ba, ya yi asarar kwanso, sai ya sauya wani. Na'urar ganin dare ma tana son minti 2 da rabi zuwa 3 da rabi kafin hoto ya fito.

Sai matsalar asuba da almuru, lokacin da zafin ƙarfe da na ƙasa suke zuwa ɗaya. Hoton tanka ya narke cikin bayansa, kullewa ta gagara, kwanso kuma yana ci.

A kan tanka ban ga abin kushewa ba. Amma kowane makami ɗaya ya haura dala 150,000, don haka harba shi kan motar a-kori-kura ko katangar laka, kamar yadda aka sha yi a Iraƙi da Afghanistan, almubazzaranci ne a ganina.