Gargaɗi ga iyayen yara masu buga ƙwallo a Jidda da Makka: an karɓe mana riyal 42,000 da sunan kwantiragi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa Hausawa mazauna Jidda da Makka da Madina. Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin akwai wani mutum da yake yawo a cikinmu yana kiran kansa wakilin 'yan wasan ƙwallon ƙafa, kuma ya karɓe mini riyal 42,000 da sunan zai sama wa ɗana kwantiraginsa na farko a wata ƙungiya ta rukuni na biyu a ƙasar Fotugal. Riyal 42,000, wato dala 11,200 a kan canjin riyal 3.75, kuɗin da ni tela mai ɗinkin jallabiya a kusa da Bab Makka ban taɓa riƙe irinsa a dunƙule ba. Ba zan ambaci sunansa a nan ba, saboda maganar tana hannun hukuma kuma dokar ƙasar nan ba ta wasa da ɓata suna a intanet, amma duk wanda ya taɓa zama da shi zai gane shi tun kafin ya kai ƙarshen rubutun nan.

Masu cewa kwaɗayi ne ya ja ni su sani cewa ba a titi na tsinci mutumin nan ba. Hausarsa ta Kano ce tsantsa, Larabcinsa ya fi nawa, kuma ya daɗe yana zuwa filin hawari, wato filin ƙwallon unguwa, da yaranmu suke buga ƙwallo bayan la'asar a unguwar Sabil, yana tsayawa a gefe da ɗan littafi a hannu, yana saya wa yara ruwan sanyi. Ya je ta'aziyyar maƙwabcina, mun sha yin sallar magariba kafaɗa da kafaɗa. Ranar da ya zo gidana a cikin watan Sha'aban, bayan an zuba shayi, na ɗauko riyal 1,000 a ambulan na tura masa a matsayin goro, sai ya sa yatsu biyu ya maido mini da ambulan ɗin a kan darduma, ya dafa kan yaron, ya ce: "Alhaji, ɗanka ɗana ne. Ladana sai ranar da ya sa hannu, kuma ba daga aljihunka zai fito ba." Ku faɗa mini wane uba ne zai ji wannan magana ya ce ɓarawo ne a gabansa. Ɓarawon da muka sani karɓa yake yi, wannan kuwa maidowa ya yi.

Kuma abin da ya yi alkawari ba tatsuniya ba ce a idon mazaunin ƙasar nan. Mun ga Osama Hawsawi, haifaffen Makka, ya riƙe kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, tare da Omar Hawsawi da Motaz Hawsawi a tawaga ɗaya, Hawsawi kuwa Bahaushe yake nufi. Mun ga an kawo Ronaldo Al-Nassr a ƙarshen 2022, mun ga asusun zuba jari na gwamnati ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli a 2023, kuɗi ya shigo ƙwallo kamar ruwan sama. Ni kuwa ina biyan riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum ɗaya da yake ƙarƙashin iƙamata, wato takardar izinin zama, ban da hayar gida, ban da sabunta iƙamar kanta. Uban da yake cikin wannan hali, aka nuna masa takarda mai tambarin ƙungiya da ke cewa za a biya ɗansa yuro 4,000 a wata har tsawon shekara 5, da gida da abinci, bai yi hauka ba idan ya saurara.

Sau huɗu ya karɓi kuɗin, amma riyal 16,000 na ƙarshe su ne suka fi ci mini rai, domin gwal ɗin mahaifiyar yaron ne aka kai kasuwa, awarwaro da sarƙar da ta kawo tun aurenmu. Ya kira ni da dare ana saura kwanaki kaɗan a fara aikin Hajji, muryarsa tana rawa, ya ce za a rufe kasuwar musayar 'yan wasa, kuma ƙungiyar ta ce sai an biya diyyar horarwa kafin a yi wa yaro rajista. Kafin wannan akwai riyal 12,000 na takardar izinin sauya ƙungiya daga ƙasa zuwa ƙasa, wadda ake kira ITC, su kuma daga adashin da muke yi da abokan sana'a suka fito, na roƙa aka ba ni ɗauka tun lokacina bai yi ba. Na farko dai riyal 5,000 ne, a cikin azumi, wai na ɗaukar bidiyo da buɗe fayil. Sai riyal 9,000 na biza da inshora, waɗanda na miƙa masa hannu da hannu bayan ƙaramar salla, a gaban shagona, ya ƙirga ya rubuta mini rasit. Ku haɗa 5,000 da 9,000 da 12,000 da 16,000, za ku sami riyal 42,000. A kowane karo sai ya tuna mini cewa ko halala ɗaya ba tasa ba ce, kuɗin hukuma ne da na ƙungiya, shi ladansa yana gaba. Ni kuma sai ambulan ɗin nan ya faɗo mini a rai, da yatsu biyun da suka maido shi, sai zuciyata ta kwanta.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne a Makka da ya daɗe yana horar da yara, na kai masa takardun ne don ya taya ni murna. Bai gama shafin farko ba ya tambaye ni shekarun yaron, na ce 17. Ya ajiye takardar ya ce, "Malam, ka tuna Ahmed Musa?" Ahmed Musa ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar Najeriya yana Kano Pillars, ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na wannan shekarar kafin a ba shi izinin buga wasa. Dalili shi ne sashe na 19 na dokar FIFA kan matsayi da musayar 'yan wasa, wanda ya hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a wasu 'yan yanayi, kamar idan iyayensa sun ƙaura zuwa can saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, ko kuma musayar tana tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga mai shekara 16 zuwa 18. Ɗana fasfon Najeriya yake riƙe da shi, iyayensa suna Jidda. Abin da aka hana gwarzon Kano Pillars shi ne wannan maƙaryacin ya ce zai yi wa yaron hawari.

Daga nan dattijon ya bi kuɗaɗen ɗaya bayan ɗaya, ina zaune ina jin gumi yana bin bayana. Wanda bai kai 18 ba, doka ba ta yarda ya sa hannu a kwantiragin da ya wuce shekara 3 ba, namu kuwa 5 aka rubuta. Takardar ITC kyauta ake bayar da ita, tsakanin hukumar ƙwallon wata ƙasa da ta wata, ta cikin tsarin kwamfuta na FIFA da aka wajabta tun 2010, ba ta bi ta hannun uba ko dillali, amma ni na biya mata riyal 12,000. Diyyar horarwa gaskiya ce akwai ta, sai dai ƙungiyar da ta ba yaro kwantiragin farko ita ce take biyan ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12, babu ruwan iyaye, amma gwal ɗin matata ya tafi a kanta, riyal 16,000. Kuɗin bizar Shengen ta shiga Turai kuwa yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, bai kai riyal 500 ba, ni an karɓi 9,000. Mutumin nan ya san sunayen abubuwa na gaskiya, shi ya sa duk wanda na tambaya a lokacin ya ce ai ya taɓa jin ana maganarsu.

Akwai takarda ta biyu da ban ambata ba, kuma ita ce ta hana ni barci fiye da kuɗin. Tun ranar Sha'aban ɗin nan, bayan ya maido ambulan, ya fito da wata yarjejeniyar wakilci da Turanci, mai hatimi ja, ya ce ka'ida ce kawai, na sa hannu a matsayin waliyyi, yaron ma ya sa. A cikinta an rubuta cewa shi ne wakilin ɗana na shekara 10, kuma kashi 35 cikin ɗari na duk abin da yaron zai samu a ƙwallo nasa ne, albashi da ladan nasara da kuɗin talla, har da wani kaso na kuɗin sayar da shi nan gaba. Ku yi lissafi da kanku: ɗan wasa ba kasafai yake wuce shekara talatin da 'yan kai yana cin abinci da ƙafarsa ba, kuma rauni ɗaya a gwiwa yana iya yanke komai, ga shi an jinginar da shekara 10 mafi tsada a rayuwarsa tun bai karɓi albashin wata ɗaya ba. Dokar wakilai da FIFA ta kafa a 2023 ta ce yarjejeniya tsakanin wakili da ɗan wasa ba ta wuce shekara 2, kuma sai wanda yake da lasisi ne zai yi aikin. Ta kuma ƙayyade ladan wakilin ɗan wasa a kashi 5 cikin ɗari ga mai albashin da bai wuce dala 200,000 a shekara ba, ko da yake an dakatar da wannan ƙayyadewar a ƙarshen shekarar saboda ƙararraki a kotunan Turai. Mallakar kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa kuma FIFA ta haramta wa irin waɗannan 'yan tsakiya tun watan Mayu na 2015. Dattijon ya ce takardar ba ta da ƙafar tsayawa a gaban hukumar ƙwallo, amma mai irinta yana iya ɓullowa da ita ranar da yaro ya sami ƙungiya ta gaske, ya tayar da rigima, ƙaramar ƙungiya kuma ba ta son ɗan wasa mai rigima a bayansa. Wannan shi ne ladan da ya ce ba daga aljihuna zai fito ba.

Ya kuma hana yaron zuwa gwajin da wata ƙungiya ta nan ƙasar ta yi wa matasa, alhali tun 2017 aka buɗe ƙofa ga mawalid, wato 'ya'yan baƙi da aka haifa a Saudiyya. Cewa ya yi wanda yake da kwantiragi a Turai ba ya zuwa gwaji, kada ya ji rauni. Abokan wasansa sun je. Shi yana gida yana kallon akwatin da muka saya masa, yanzu ko filin Sabil ba ya son bi ta gefensa saboda yara suna kiransa ɗan Fotugal.

Bayan Hajji wayar mutumin ta daina shiga. Kafin nan ma ya fara ja da baya, yau yana Riyad, gobe yana Dammam, jibi ofishin jakadanci ne ya riƙe fasfo, alhali fasfon yana cikin durowata bai taɓa karɓa ba, ya ce da hoto ake aikin yanzu. Ƙungiyar da ya ambata ta amsa wasiƙar da aka rubuta mata, ta ce ba ta san shi ba, ba ta san ɗana ba, kuma sa hannun da ke kan takardar ba na kowa ba ne a cikinta. Sunansa ba ya cikin jerin wakilai masu lasisi da FIFA take wallafawa a shafinta. Na kai ƙara ofishin 'yan sanda, na kuma shigar ta manhajar Kulluna Amn, kuma dokar zamba ta 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. A can na tarar ba ni kaɗai ba ne, akwai wani bawan Allah daga Makka da aka yi wa alkawarin Turkiyya, shi ma an maido masa da goronsa ranar farko, da kalmomin nan dai, ɗanka ɗana ne. Ashe har ambulan ɗin ma sana'a ce. Riyal 1,000 ya bari don ya kwashi 42,000.

Hotunan hirarmu ta WhatsApp, da saƙonnin murya, da rasit ɗinsa, da shaidar tura kuɗi ta banki, da kwantiragin bogin, duk suna hannuna, zan sanya su a nan da zarar mai binciken ya ba ni izini, bayan na rufe sunan ɗana. Duk wanda ya ce zai fitar da yaronku ƙasar waje bai kai 18 ba, ku kore shi. Ku nemi lambar lasisinsa ku duba a shafin FIFA, kada ku biya ko riyal ɗaya kafin kwantiragi, kuma kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ita da Larabci ko Hausa ba. Wanda mutumin nan ya taɓa karɓar wa kuɗi ya tuntuɓe ni ta akwatin saƙo, mu haɗa ƙararmu wuri ɗaya.