Gargaɗi ga masu walda: ana sayar da sandar nikel ta bogi

Salam 'yan uwa masu walda da makanikai, don Allah ku karanta ku tura wa na kusa da ku. Akwai wani mutum da ke tallan sandar waldar kas (ƙarfen zubi irin na bulok ɗin inji) a guruf-guruf na WhatsApp, yana cewa mai nikel kashi 99 cikin ɗari ce ta waje, a rabin kuɗin kasuwa. Ƙarya ne wallahi. Na sayi kwali ɗaya, na yi wa wani manomi waldar bulok ɗin injin ban ruwa da ita, tun kafin ya gama hucewa na ji ƙas, tsaga ta bi gefen ɗinkin har ta wuce inda take da farko, ga shi lokacin noman rani, bawan Allah ya kwana biyar tumatirinsa ba ruwa kuma ni na biya kuɗin wani bulok ɗin. Na kira lambar, a kashe.

Da na ɓare fatar sandar sai na ga sandar ƙarfe ce ta yau da gobe irin 6013, an shafa mata baƙin abu ta yi kama da ta gaske.

Abin da ya sa wannan cuta ce babba, kas ba kamar ƙarfen gini yake ba, kabon ɗin cikinsa ya kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, shi ya sa yake ɗaukar nauyi da jijjiga amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. In ka sa masa sandar ƙarfe, kabon ɗin nan ya narke ya shiga ɗinkin, ya yi tauri kamar gilashi, magagari ba ya cinsa, yana hucewa ya ja ya tsage. Shi kuwa nikel ba ya haɗuwa da kabon ya yi wannan taurin, ɗinkinsa na da laushi, yana miƙewa kaɗan ya bi kas ɗin, ka huda ka goge lafiya. Tsadarsa ke nan. Ta gaske za ka ga ENi-CI a jiki, mai nikel kashi 55 kuma ENiFe-CI, amma fa rubutu ma ana bugawa.

Kar ku dogara da mayen ƙarfe, da shi ya yaudare ni, ai nikel ma yana kamawa. Ku ɓare ɗaya ku sa a giranda, ƙarfe zai watsa dogon tartsatsi mai haske mai rassa, nikel ɗan gajere ne ja-ja kaɗan. Ko ku jiƙa ta da ruwan gishiri ta kwana, ta bogi da safe duk tsatsa. Sannan ku ɗan yi ɗinki a kan guntun kas ku sa magagari kafin ku taɓa kayan mutane.

Sauran kwalin yana shagona, duk mai son gani da ido ya yi min magana ta inbos.