Yadda na ga aikin buɗe bututun abinci da balan-balan

Na shafe kusan shekara biyu loma tana tsaya mini a ƙirji, ko ruwa ma sai na miƙe tsaye kafin ya wuce, da dare kuma abin da na ci yakan dawo mini baki har ya jiƙa matashi. Bayan gwajin auna ƙarfin matsewar bututun abinci, likita ya ce cutar akalasiya ce, wato tsokar da ke bakin ciki ta daina sakewa idan an haɗiye abu.

An umarce ni da in bar abinci mai tauri kafin ranar aikin, sannan in kwana ban ci komai ba. Da aka ba ni allurar barci, sai aka zura na'ura mai kyamara ta baki, aka daidaita balan-balan mai faɗin milimita 30 a kan tsokar, aka hura shi da iska har ta buɗe. Likitan bai ɓoye mini cewa bututun yana iya yagewa ba, ko da yake hakan ba kasafai yake faruwa ba, kuma wannan gaskiyar ce ta sa hankalina ya kwanta da shi.

Ƙorafina ɗaya ne: ba a gaya mini tun farko cewa sau ɗaya ba lallai ya wadatar ba, sai da aka sake kira na aka yi da mai milimita 35. Yanzu ina haɗiya lafiya, sai dai ƙwannafi yakan taso jefi-jefi, ina kuma shan maganin rage shi.