Aikin kafintan da ya gyara rufin cocinmu

Kusan shekara guda muka yi muna tara gudummawa a ikilisiyarmu da ke wani ƙauye a wajen Sakkwato, domin gara da ƙwarin da ke huda katako sun cinye rufin cocin, har muna zuwa sujada mu tarar da garin katako a kan benci kamar an barbaɗa tsaki. Zumuntar mata ce ta kawo kaso mafi tsoka, daga cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi ya sa muka yi taka-tsantsan wajen zaɓen mai aiki.

Kafintan da muka ɗauko daga cikin gari ya cancanci yabo. Kafin ya faɗi kuɗi, sai da ya hau sama ya ƙwanƙwasa katakan ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu rai, ya kuma shawarce mu da mu sa azarar giginya a inda nauyi ya fi yawa, tunda gara ba ta cika cin ta ba. Sabon katakon kuwa ya jiƙa shi da magani sau biyu, ya bi sawun garar har gidanta a bayan katanga.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne jinkirin mako biyu da ya yi, alhali damina ta ƙarato kuma ɗakin yana buɗe. Duk da haka, ga ikilisiyar da ke da irin matsalarmu, ina ba da shaidarsa.