Kuala Lumpur da Dubai: kamar a hoto ta tsaya

Hajiya, kin ce kin saba zuwa Dubai sari, yanzu kuma za ku raka ɗanku karatu Maleshiya, kina son sanin ko Kuala Lumpur irin Dubai ce. Mako biyu na yi a can, ga abin da idona ya gane mini.

A hoto kam sai ki ce uwa ɗaya uba ɗaya. Burj Khalifa mita 828, babu ginin da ya kai shi a duniya, mai bi masa kuwa yana Kuala Lumpur, wato Merdeka 118, kusan mita 679. Ga tagwayen benayen Petronas da aka gama a 1998, kowanne hawa 88. Jirgin ƙasa na cikin gari akwai nan akwai can, har da taragon mata. Manyan kantuna ma haka, kowanne da ɗakin salla, a Maleshiya surau suke ce masa. Leburorin da ke kan gine-ginen ma kusan su ne dai, 'yan Bangaladash da Nepal.

Bambancin daga ƙasa ya faro. Dubai a kan yashi aka shimfiɗa ta. Kuala Lumpur a cikin kurmi ta tsiro, sunan ma yana nufin mahaɗar ruwa mai taɓo, inda kogin Klang da na Gombak suka gamu a gindin Masallacin Jamek. Dubai tana da lokacin sanyi. Can kuwa shekara duk ɗaya ce, kina fitowa daga wanka zufa ta karyo. Da la'asar hadari ya haɗu, a tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Saboda ambaliya har rami suka haƙa a ƙarƙashin gari, kusan kilomita 10, aka buɗe a 2007. Motoci na bin wani sashensa, idan ruwa ya yi yawa a tsayar da su a saki ruwan ya bi.

Inda ya fi tsaya mini a rai Kampung Baru ne, tsohuwar unguwar Malayawa mai sama da shekara 120. Daga wajen Petronas gadar ƙafa kawai za ki tsallaka, sai ga gidajen katako a kan dirkoki, da ayaba a tsakar gida, da kaji suna tono. Wata dattijuwa ta naɗe mini nasi lemak a ganyen ayaba: shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, yaji, gyaɗa, ƙananan busassun kifi da rabin ƙwai. Ina ci inuwar benaye tana kaina. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu filayen da masu son rushewa a yi sabon gini, kan kuɗin diyya. Ban ga irin wannan a Dubai ba, tsoffin unguwanninta na bakin ruwa an gyare su tas domin baƙi.

Sai abin haushi. Kuala Lumpur garin masu mota ne. Wata rana ina hango otal ɗina ga shi nan tsallaken titi, amma sai da na yi rabin awa ina kewaye, hanyar ƙafa ta ƙare mini a bakin kwalbati. Kuma ta hagu suke tuƙi, dama za ki fara dubawa kafin ki tsallaka. Kasuwar Chow Kit arha, amma ƙarnin kifi da warin durian, wani ɗan itace mai ƙaya da otal-otal ke hana shiga da shi, sai mai juriya.

Idan gwal da abaya da turare ne, Deira, unguwar kasuwannin Dubai, ta fi, kada ki ɗauko jarinki. Idan zaman yaro ne, abinci halal ko'ina, kiran salla yana iske shi har ɗaki, rayuwa kuma ta fi ta Dubai sauƙi. Ki sa lema a jaka, da takalmin da ruwa ba ya ɓatawa, lesuka masu nauyi kuwa ki bar su a gida.